Ƙoƙi-ƙoƙi: Yadda ake ɗaukarsa a hannu

Ƙoƙi-ƙoƙi ƙwaro ne da manoma suka saba gani a gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure a jihar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga.

Ba shi da dafi, amma ƙafafunsa na gaba suna da ƙayoyi da yake cafke fara da ƙuda da su, kuma yakan yakushi wanda ya damƙe shi.

Saboda haka ba a kama shi ta baya. Ana shimfiɗa tafin hannu ne a gabansa, a ɗan taɓa bayansa a hankali da tsinke. Da yake ɗabi'arsa ce hawa sama, yakan tako da kansa idan aka ɗaga yatsu kaɗan.

Ba a taɓa shi lokacin da yake saɓa, domin jikinsa na da taushi, yana iya nakasa.

Babban haɗari gare shi a wannan yanki shi ne maganin feshi. Hannun da ya taɓa maganin ƙwari yana iya kashe shi, don haka wajibi ne a wanke da sabulu tukuna.