Katakon Jirgin Nelson

Ranar 16 ga Yuni, 1897, guguwa ta fizgi wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Foudroyant ta kayar da shi a kan yashin gaɓar Blackpool, a arewa maso yammacin Ingila. An tsamo duk mutanen da ke ciki da ransu, amma jirgin bai sake tashi ba.

Tun 1798 aka saka shi a ruwa a Plymouth, da igwa 80, kuma a cikinsa Admiral Nelson ya kafa tutarsa a Bahar Rum a 1799. Da ya tsufa, a 1892, aka sayar da shi ga wani kamfanin Jamus don a farfasa. Turawan Ingila suka yi ca, har marubuci Arthur Conan Doyle ya rubuta waƙar ƙorafi. Wani attajiri, Wheatly Cobb, ya fanso shi, ya gyara, ya riƙa zagaya garuruwan bakin teku da shi ana biya ana kallo. A wannan yawon ne ajalin jirgin ya cim masa.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Jan ƙarfen da aka lulluɓe ƙasan jirgin da shi aka narkar, aka buga lambobin tunawa masu hoton Nelson. Katakonsa kuwa masassaƙan Manchester suka mayar da shi kujeru da tebura da akwatuna, aka kuma yi sanduna. Har ɗakin taron shugabannin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Blackpool an yi masa ado da shi. Talaka da bai taɓa hawa teku ba ya sayi ɗan guntun Nelson ya sa a aljihu, kuma ban ga laifinsa ba. Kowa na son ya taɓa tarihi da hannunsa.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne abin da ba a buga a jikin lambobin ba. A cikin wannan jirgi, a tashar Naples, a Yunin 1799, aka yi wa Admiral Francesco Caracciolo shari'ar gaggawa saboda ya bi 'yan jamhuriya da suka bijire wa sarkinsu. Nelson ya sa hannu a kan hukuncin kisa, kafin faɗuwar rana aka rataye shi a wani jirgi mai suna Minerva, aka jefa gawarsa a teku. Mutanen Naples ba su manta ba: babban titin bakin tekunsu sunan Caracciolo yake ɗauke da shi har yau.