Fitar Keke Ta Ƙarshen Mako: Yadda Turawan Ingila Suka Tsara Tasu



Da yawa daga cikinku sun san cewa tun bara wasunmu da ke zaune a babban birnin jiha muka fara fita da kekuna kowace Asabar da sassafe, don mu rage tumbin da kujerar ofis ta ɗora mana. Ni aka ɗora wa nauyin shirya fitar, don an ce ma'aikacin gwamnati ne, na saba da rubuta takardar kiran taro. Mun fara mu 9, kafin wata uku mun haura 20.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ya faru wata Asabar cikin hunturu. Ɗaya daga cikin malamanmu, wanda ya koyar da yawancinmu a aji uku, kuma ya ba shekara 60 baya, ya ji labarinmu, ya fito da tsohon Raleigh ɗinsa ya ce zai bi mu. Muka yi murna, muka kama hanya. Samarin cikinmu masu kekunan giya suka ja gaba, mu sauran muka bi su muna haki. Sai da muka isa wurin mai shayin da muke yada zango, muka sha, har an fara lissafin kuɗi, sa'an nan wani ya ce, "Af, wai ina Malam?" Ashe tayarsa ta yi faci wajen kilomita 6 a baya, inda babu mai faci, shi kuma ba shi da famfo. Da muka juya, sai muka tarar da shi yana turo keken cikin hazo. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba komai, samari, ku ci gaba abinku." Tun daga ranar bai sake zuwa ba.

Kunyar wannan rana ce ta sa na shiga neman yadda waɗanda suka riga mu wannan harka suka tsara tasu, kuma binciken ya kai ni Ingila, ƙasar da aka ƙera keken Malam ɗin.

Keke mai feda ya shiga Ingila ne daga Faransa. A 1868 wani Bature mai suna Rowley Turner ya ɗauko ɗaya daga Paris ya kai garin Coventry, inda wani kamfanin ƙera keken ɗinki ya karɓi aikin yin irinsa. Mu da muke kiran na ɗinki keke, na hawa ma keke, sai mu ce abin ya zo daidai. Ba a daɗe ba ƙungiyoyin mahaya suka fara ɓullowa. A watan Yuni na 1870 aka kafa Pickwick Bicycle Club a Landan, wadda har yau tana nan.

Sai dai keken da ya yi tashe a shekarun 1870 ba irin namu ba ne. Ƙafar gaba tsayinta yakan kai inci 50 ko fiye, ta baya kuwa 'yar ƙarama ce, kuma feda a jikin ƙafar gaba take, babu sarƙa. Mahayi yana can sama kamar mai raƙumi, ɗan dutse ƙarami ya isa ya wuntsilo shi ta ka. Hanyoyin karkara kuma sun lalace, domin tun da jirgin ƙasa ya kwashe fasinja aka daina kula da su. Daɗin daɗawa, jama'a ba sa son masu keken. Yara na jifansu, masu karusa na matse su zuwa cikin kwata saboda suna firgita musu dawaki. A 1876 har kotu aka je, bayan da direban wata karusar fasinja mai zuwa St Albans ya tsula wa wani mai keke bulala, yaron karusar kuma ya jefa masa dunƙulen ƙarfe ɗaure da igiya a ƙafar keke.

To, wanda zai shiga irin wannan hanya ba zai so ya tafi shi kaɗai ba. Saboda haka suka tsara fitarsu kamar ta soja. Kowace ƙungiya da kakinta, da hula mai bajo. Akwai kyaftin, watau madugu uban tafiya, wanda ke gaba, shi ke zaɓen hanya da saurin da za a yi, kuma ba a yarda kowa ya wuce shi ba sai da izninsa. Akwai mai begila kusa da shi, wanda busarsa ke gaya wa ayari a hau, ko a sauka, ko a rage gudu, ko a koma layi ɗaya don karusa na tafe. Sa'an nan akwai mataimakin kyaftin, wanda wurinsa can ƙarshen layi ne, aikinsa ya kula da wanda ya gaji ko kekensa ya lalace. Da na karanta wannan na ƙarshen sai na ajiye littafin na yi shiru. Muƙamin da mutanen nan suka ga wajibi ne tun shekara 150 da suka wuce, mu da digirorinmu ko tunaninsa ba mu yi ba.

Ranar Asabar da rana suka fi fita da farko, domin a lokacin ne akawuna da 'yan kasuwa ke samun hutun rabin yini, kuma masu coci ba sa son ganin ana yawo ranar Lahadi. Daga baya ne Lahadi ta zama ranar fita. Tun farko kuma akwai zango, inda za a sauka a sha shayi. Wanda ya fi suna shi ne ƙauyen Ripley, mil 20 da 'yan kai daga Landan a kan hanyar Portsmouth, inda wani masauki mai suna Anchor ya ajiye littafin baƙi, dubban mahaya suka riƙa sa hannu a ciki kowace shekara. Ashe dai mai shayinmu yana da kakanni.

A ranar 5 ga Agusta 1878 aka kafa wata ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya a garin Harrogate, wadda daga 1883 aka san ta da Cyclists' Touring Club, tun 2016 kuma take amsa sunan Cycling UK. Ita ce ta riƙa kafa allunan gargaɗi a kan gangara masu hatsari, ta yi yarjejeniyar farashi da masaukai, ta naɗa wakili a garuruwa don baƙon mahayi ya san wurin wanda zai je. Da faɗi-tashinta aka samu dokar 1888 wadda ta amince cewa keke abin hawa ne mai haƙƙin bin titi kamar karusa. A 1899 mambobinta sun haura 60,000.

Wannan yawan yana da dalili. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry, mai sarƙa da ke juya ƙafar baya, wanda shi ne kakan duk kekunan da muke hawa. A 1888 kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi rajistar tayar da ake hura wa iska. Kafin wannan lokaci, sai saurayi mai ƙarfi, mai kuɗi, marar tsoro ke hawan keke, don haka 'yan ƙungiya kusan ƙarfinsu ɗaya. Yanzu kuwa dattijo ya hau, mace ta hau, leburan masana'anta ya tara kuɗi ya sayi na hannu. A nan ne matsalar da ta same mu ta fara samunsu: ayari ɗaya, amma wani ya fito shan iska da hira, wani ya fito ne ya gwada ƙwanjinsa.

Masu neman zumunci suka kama hanyarsu. Misalin da ya fi fice shi ne ƙungiyar Clarion, wadda wasu samari 'yan gurguzu suka kafa a Birmingham a 1894 bisa jagorancin Tom Groom, suka ba ta sunan jaridar Robert Blatchford da suke karantawa. Maza da mata suke fita tare, su shiga ƙauyuka suna raba takardun siyasarsu, su ci abinci tare su dawo. Ko mutum bai yarda da siyasarsu ba, zai yarda cewa sun nuna talaka ma yana da rabo a hutun ƙarshen mako.

Masu son gudu kuwa, labarinsu ya fi ban dariya. 'Yan sanda sun sa musu ido, har hukumar tseren keke ta ƙasar, National Cyclists' Union, ta ji tsoron kada a hana kowa hawa titi, ta haramta tsere a kan hanya a 1890, ta ce a koma fili. Waɗanda ba su da fili kusa suka ƙi. Wani mai suna Frederick Bidlake na ƙungiyar North Road ya kawo dabara: kada a tashi tare, a riƙa sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya da tazara, kowa ya yi tsere da agogo. A watan Oktoba na 1895 suka yi irin wannan na mil 50. Daga nan ya zama al'ada a fito da asuba, cikin baƙaƙen kaya daga wuya har idon sawu, babu sanarwa a jarida, sunan hanyar ma da lambar sirri ake rubuta shi. In ɗan sanda ya gani, sai ya ga mutum ɗaya yana sauri abinsa. Haka aka yi ta yi kusan shekara 50, alhali a Faransa da Italiya tsere a dunƙule ake yi, jama'a na kallo. Sai a watan Yuni na 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya, motoci sun yi ƙaranci saboda rashin mai, Percy Stallard ya shirya tseren mil 59 daga Llangollen zuwa Wolverhampton da yardar 'yan sanda. Hukumar ta dakatar da shi da duk waɗanda suka shiga, su kuma suka kafa tasu ƙungiyar, aka yi ta rigima har 1959 kafin ɓangarorin biyu su haɗe.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, mai shirin tsere a dunƙule dole ya yi atisaye a dunƙule. Dalili kuwa iska ce. Idan ana gudu sosai, yawancin ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya, wanda kuma ya fake daf da bayan wani yakan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Saboda haka sai su jeru layi biyu, ɗaya na ɗan fin ɗayan sauri, wanda ya kai gaba ya tare iska na ɗan lokaci, ya koma ɗaya layin ya zame baya, na bayansa ya karɓa, suna juyawa kamar sarƙar keke. A wannan atisayen ba a jiran kowa. Wanda ya kasa, ya koma gida shi kaɗai, kuma ya san da haka tun kafin ya fito. Yawanci da yamma a tsakiyar mako ake yin sa, a kan hanyar da kowa ya sani. Fitar Lahadi kuwa aka bar ta yadda take: doguwar tafiya a hankali, ana hira, wanda ya yi faci a tsaya masa, a taru a kan tudu a jira na baya, a sha shayi a zango. Ƙungiyoyi da yawa a yau sukan raba mahaya rukuni-rukuni gwargwadon saurinsu, kowane rukuni da jagoransa. Mu kuwa mun haɗa biyun a fita ɗaya, muka gayyaci Malam shan iska, muka sa shi cikin atisayen 'yan tsere ba tare da ko mu kanmu mun sani ba.

Wani abokinmu, da na kawo maganar jira, ya ce ai jiran raunana ɓata atisaye ne. Na ba shi labarin Beryl Burton, 'yar Leeds, wadda mijinta Charlie ya shigar da ita ƙungiyar keke ta Morley a shekarun 1950. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a shekararta ta farko sai an riƙa tura ta a kan tudu. Wannan matar ce ta ci kambin duniya sau 7, ta kuma riƙe kambin gwanar tsere da agogo ta Birtaniya shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983. A 1967 ta yi mil 277.25 cikin awa 12, abin da ya zarce bajintar maza ta lokacin. A kan hanya ta cim ma Mike McNamara, wanda shi ma a ranar yake kafa sabuwar bajintar maza, ta miƙa masa alewa ta wuce. Abokin nawa ya yi dariya ya ce ai Malam ba zai ci kambin duniya ba. Na ce haka ne, amma shi ya jira mu shekara guda a aji uku kafin mu gane lissafi.

Ga abin da muka tsayar tun daga watan jiya. Fitar Asabar ta kowa ce, ana tashi ƙarfe 6:30, kuma ana faɗin hanya da zango tun daren Juma'a. Akwai madugu a gaba wanda ba a wuce shi, akwai mutum biyu a baya da famfo da kayan faci, ana ƙirga kawuna a wurin tashi da kowace mararraba. Begila dai ba mu samu ba, usur muke amfani da shi. Masu jin ƙarfi an ba su yammacin Laraba su je su ƙure juna. Biyu daga cikinsu sun yi fushi sun daina zuwa Asabar ɗin, amma mun sami sababbi 5, ciki har da wani ɗan ajinmu da likita ya ce ya rage nauyi.

Na je gidan Malam na ba shi haƙuri, na kuma roƙe shi ya dawo ya riƙe mana gaba, yadda saurinsa zai zama saurin kowa. Ya ce, "To, ɗana, zan duba, in gwiwa ta bari." Na karɓi keken na kai wa mai gyara, an sa sabuwar taya an gyara birki, na mayar masa. Yana nan jingine a zaurensa. 'Yan ajinmu da ke kusa da shi, don Allah ku taya ni yi masa magana kafin Asabar mai zuwa.

Wassalam.