Kwamfutar Bayan Loko da Tambayar Manomin Citta

Tun da matasanmu suka kawo wa ƙungiya shawarar a ƙirƙiro manhajar farashin citta, muka ga ya dace mu waiwayi abin da aka riga aka gwada a yankin nan, domin ba yau aka fara ba.

Tambayar manomin citta a Kwoi, Kachia ko Kagarko ɗaya ce tun da can: in sayar yanzu da kaka, ko in tsaga in shanya in ajiye sai ta yi tsada? Amsar kuwa tana hannun wanda ya san farashin nesa. Da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, inda hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos, labarin farashi ya riƙa biyo jirgi, amma a kunnen dillalai da wakilan kamfanoni yake sauka. Manomi sai abin da aka faɗa masa ranar kasuwa.

Cikin waɗanda suka kawo na'ura yankin nan akwai Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996. Da ba wa mata ƙananan rance ta fara, sannan ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a unguwar Bayan Loko, cibiyar da ta ci kyautar Hafkin ta ƙungiyar APC a 2001. Kwamfutocin farko kwance ne daga Turai, an ƙera su don ofis mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Da suka sha ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar NEPA mai zuwa da ƙarfi ta koma, sai suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Maimakon a ce laifin Kafanchan ne, gidauniyar ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila kan wata kwamfuta mai suna Solo: ba fanka a cikinta balle ta zuƙi ƙura, ba faifai mai juyawa, wutar da take ci ba ta kai wat goma ba, hasken rana ma ya ishe ta. Solo ba ta cika kasuwa ba. Amma a ganinmu nan ne aka fara tambayar da ta dace: wane ne zai yi amfani da abin, kuma a ina zai zauna?

Abin da ya ci kasuwar a ƙarshe wayar salula ce, wadda ta shigo Najeriya a 2001. Ba don ta fi kwamfuta wayo ba. Mai sayar da citta ba sai ta koyi komai ba, ta danna ta kira ɗanta a Kano ko Legas ta ji nawa buhu yake, da harshen da take ciniki da shi.

A 2012 gwamnatin tarayya, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, ta fara tura wa manoma takardar rangwamen taki ta saƙon waya. Dabara ce mai kyau, kuma wasu sun amfana. Sai dai an tsara ta ne kamar kowane manomi yana da wayar kansa, yana karatu, kuma sabis na kaiwa ƙauyensa. Wanda bai cika ukun nan ba sai ya nemi mai karanta masa, wato an sake komawa hannun ɗan tsakiya.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna ɗaya gefen. Cikin 'yan makonni mata a kasuwa suka saba da tura kuɗi da na'urar POS, kuma suka fi karkata ga manhajojin da ke nuna adadi da manyan lambobi, alat ya shigo nan take. Ba wanda ya shirya musu bita. A shekarar ce kuma cutar ruɓa ta cinye gonakin citta, sai tambayar manomi ta canja daga "nawa?" zuwa "ina zan sami iri mai lafiya?" Allon da aka gina don farashi kaɗai da ya zama hoto a daminar.

Samfurin da matasanmu suka nuna mana yana da kyan gani, amma da Turanci yake, farashin kuma a kan tan. Mu kuwa da buhu da mudu muke ciniki, kuma kuɗin ɗanya daban, na busasshiya tsagaggiya daban. Bajju da Ham da Atyap da Fantswam da Fulani in sun haɗu a kasuwa Hausa suke yi, da yawansu kuma saƙon murya suke turawa a WhatsApp, ba rubutu ba. Shi ya sa kwamiti ya ce kafin a fitar da ko kwabo daga asusun ƙungiya, matasan za su yi ranakun kasuwa uku a Kwoi da Kafanchan zaune kusa da masu awo, da ƙaramar waya mai maɓalli a hannu, su rubuta abin da mutane ke tambaya kafin su sallama kaya. Duk mai rumfa da zai karɓe su ya sanar da sakatare kafin taron wata mai zuwa.