Ciyarwa da Riƙon 'Ya'ya Kafin Yanke Hukunci: Waiwaye a Kan Shari'ar Aure Tsakanin Hausawan Gadarif

1.0 Gabatarwa

Shari'ar aure ba kasafai take ƙarewa a zama ɗaya ba. Daga ranar da mace ta kai ƙara gaban alƙali zuwa ranar da za a sasanta ko a raba auren, akan shafe watanni ana kai da komo. A wannan tsakani kuwa ciki ba ya jiran hukunci. Matar tana bukatar ci da sha da wurin kwana, yaran kuma dole su kwana a hannun wani. Umarnin da alƙali yake bayarwa domin toshe wannan giɓi shi ake kira hukuncin wucin gadi, wato wanda zai yi aiki nan take kafin hukunci na ƙarshe ya fito.

Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka riƙa warware wannan matsala tsakanin Hausawan Gadarif da ke gabashin Sudan. Za a ga cewa ma'auni uku ne suka haɗu a kansu: al'adar da suka taho da ita daga ƙasar Hausa, da fiƙihun Malikiyya da suka karanta a zaure, da kuma dokar kotun Sudan wadda aka gina a kan mazhabar Hanafiyya.

2.0 Zuwan Hausawa Gadarif

Tun ƙarnoni da suka wuce mutanen Afirka ta Yamma suke ratsa Sudan a ƙasa kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu kuma su yada zango su zauna. Ƙaura mafi girma ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka zauna a bakin kogin Nil Shuɗi kusa da Sinnar wajen 1906, a garin da ake kira da sunansa har yau. Mutanen Sudan sukan haɗa Hausa da Fulani da Barebari su kira su Fallata ko Takarir.

Daga yankin Sinnar da kuma kai tsaye daga yamma ne jama'a suka bazu zuwa Gadarif, ƙasar laka mai albarkar dawa da riɗi. Jirgin ƙasa ya iso garin a ƙarshen shekarun 1920, sannan a tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da garin. Manyan gonakin suna bukatar hannu da yawa lokacin cire ciyawa da yankan riɗi da girbin dawa. Saboda haka magidanci yakan bar gida makonni ko watanni yana aiki a dawa, kuɗinsa kuma ba sa zuwa wata-wata. Wannan yanayi yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya a kan ciyarwa.

3.0 Abin da Suka Zo da Shi: Al'ada da Malikiyya

A al'adar Bahaushe, idan zama ya yi tsami mace takan yi yaji ta tafi gidan iyayenta ko na waliyyinta, miji kuma ya yi biko. Muddin tana can, a aikace ciyar da ita yana wuyan wanda ya karɓe ta. Idan ba ta da dangi kusa, kamar yadda yakan faru ga baƙi a zango, sai a ajiye ta gidan mai unguwa ko liman ko wani dattijo har a ga abin da hali zai yi. Yaron da ke goye yana bin uwarsa. Wanda aka yaye kuwa al'ada ta fi karkata ga barinsa a gidan uba, a hannun kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa.

Littattafan da malaman zaure suke karantarwa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun zo da wani tsari daban. Ciyarwa, wadda malamai suke kira nafaƙa, wajibi ce a kan miji muddin akwai aure, kuma abin da mawadaci ya ƙi bayarwa yana zama bashi a kansa ko da alƙali bai yanka ba. Idan miji ya kasa ciyarwa, alƙali yana ba shi wa'adi gwargwadon abin da ya gani, in wa'adin ya cika bai kawo ba sai a sakar masa matar. Idan ya yi tafiya, ana yanka mata nafaƙa daga dukiyar da ya bari bayan ta rantse, kuma maganarta ce abin kamawa tun daga ranar da ta kai kuka ga hukuma. Idan kowannensu yana zargin ɗan'uwansa da cuta ba tare da shaida ba, alƙali yana zaunar da su cikin mutanen kirki waɗanda za su sa ido su ba da shaida. Duk waɗannan matakai ne na wucin gadi, ko da yake ba da wannan suna littattafan suka kira su ba.

A fannin riƙon yaro, wanda ake kira halana, Malikiyya ta ba uwa wa'adi mai tsawo: namiji har ya balaga, mace har a kai ta ɗakin miji. Idan uwa ta yi wani aure, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta kafin a kai ga dangin uba. A nan ne al'ada da littafi suka fi yin hannun riga, tun ma kafin a bar ƙasar Hausa.

4.0 Abin da Suka Tarar: Kotun Hanafiyya

Yawancin Musulmin Sudan Malikawa ne, amma tun mulkin Turkawa da Misirawa da ya fara a 1821 aka shigo da Hanafiyya cikin kotunan hukuma. Bayan rushewar daular Mahadi a 1898, gwamnatin haɗin gwiwa ta Ingila da Masar ta kafa kotunan shari'a da dokar 1902. Ƙa'idojin 1915 suka tanadi cewa a yi hukunci da ra'ayi mafi rinjaye na Hanafiyya, sai fa inda Alƙalin Alƙalai ya ba da umarni da wani abu daban ta hanyar takardar da ake kira manshuri. Wannan kujera Misirawa ne suka riƙe ta har 1947.

Bambancin mazhabobin biyu ya fi fitowa fili a daidai wannan tsakani da ake magana a kai. A Hanafiyya nafaƙar da ta wuce ba ta zama bashi sai in alƙali ya yanka ta ko ma'auratan sun yi yarjejeniya a kanta. Ma'ana, matar da ta yi wata shida a gidan yayanta tana jiran biko, sannan ta je kotu, ta yi asarar waɗannan watanni. Haka kuma rashin ciyarwa ba ya raba aure. Abin da alƙali zai yi shi ne ya yanka mata wani adadi, ya ba ta izinin cin bashi da sunan miji, ko ya tsare mijin in yana da hali ya ƙi. Riƙon uwa kuma yana ƙarewa idan namiji ya kai shekara 7, mace ta kai 9.

Alƙalan Alƙalai da kansu suka ga cewa wannan tsari ya yi wa jama'a tsauri, sai suka riƙa komawa ga Malikiyya sannu a hankali. Manshuri na 17, wanda ya fito a zamanin Shaihu Mustafa al-Maragi (ya riƙe kujerar daga 1908 zuwa 1919), ya ba mace damar neman saki saboda rashin ciyarwa ko cutarwa, shekaru kaɗan kafin Masar ta fara irin wannan gyara a dokarta ta 1920. Manshuri na 34 na 1932 ya ba alƙali ikon barin namiji a hannun mata har ya balaga, mace kuma har ta tare, in ya ga maslahar yaron tana can. A 1969 aka daina amfani da 'yan sanda wajen mayar da mace gidan miji da ƙarfi bayan an yanke mata hukuncin biyayya.

Sai dai ba kowace rigima take kaiwa ga alƙalin gwamnati ba. Dokokin 1922 da 1927 da 1932 sun ba shugabannin gargajiya ikon yin shari'a a yankunansu, ƙauyukan Hausawa kuma suna da shehunansu da limamansu. Ga baƙon da bai iya Larabci sosai ba, kuma dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 suna neman ya tabbatar da cewa kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, zauren liman ya fi ofishin hukuma sauƙin shiga. Gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, amma sulhun dattawa bai gushe ba.

5.0 Dokar 1991

A 1991 aka tattara hukunce-hukuncen aure da saki da gado a cikin kundi guda, wato Dokar Al'amuran Iyali ta Musulmi. Sashe na 5 ya bar Hanafiyya a matsayin madogara a inda dokar ta yi shiru. Sashe na 71 shi ne ya yi magana kai tsaye a kan abin da wannan takarda take nazari. Ya ba alƙali dama, yayin da yake sauraren ƙarar ciyarwa, ya yanka wa mace nafaƙar wucin gadi in ta nema kuma dalilanta suka tabbata, umarnin kuma ana zartar da shi nan take ba tare da jiran ƙarshen shari'a ba. Sashen ya kuma ɗora wa alƙali ya ba ta izinin cin bashin nafaƙar, wanda shi ne tsohon maganin Hanafiyya. Sashe na 70 ya yarda a bi bashin ciyarwar da ta wuce, amma ya taƙaita shi ga shekara 3 kafin shigar da ƙara. Ke nan an ɗauki ra'ayin Malikiyya an yi masa iyaka.

Dalilin da ya sa wannan tanadi yake da nauyi shi ne tsawon hanyar saki ta kotu. Idan mace ta nemi rabuwa saboda cutarwa ta kasa kawo shaida, kuma saɓanin ya ci gaba, sai bayan wata 3 za ta sake komawa, sannan alƙali ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, ya jira rahotonsu. A duk tsawon wannan lokaci tana nan matar aure, ba ta da damar yin wani auren, nafaƙarta kuma tana iya faɗuwa idan aka tabbatar ta fita gidan miji ba da uzurin da shari'a ta yarda da shi ba.

Game da yara, dokar ta ce idan uwa ta bar gidan aure saboda saɓani, riƙo yana hannunta, in kuma jinjiri ne ma dole ta riƙe shi, sai dai in alƙali ya ga akasin haka. Sashe na 115 ya riƙe shekara 7 da 9 na Hanafiyya, ya kuma haɗa da ƙarin wa'adin da manshurin 1932 ya kawo. Wannan ya ci karo da al'adar barin yayayye a gidan uba. Yana da kyau a kwatanta da Masar, inda dokar 1985 ta wajabta wa alƙali ya yanke nafaƙar wucin gadi cikin mako biyu da shigar da ƙara. Dokar Sudan ta bar abin ga ganin damar alƙali, ba ta kuma sa masa rana ba.

6.0 Doka a Takarda, Rayuwa a Gadarif

Akwai abubuwa uku da suke rage ƙarfin wannan umarni a wuri irin Gadarif. Na farko, sai aure ya tabbata kafin a yanka nafaƙa. Wadda aka ɗaura aurenta a gaban ma'azuni, wato jami'in rajistar aure, tana da takardar da ake kira ƙasima. Wadda liman ya ɗaura wa a ƙauye ba rajista sai ta fara kawo shaidu, wannan ma wata shari'a ce mai cin lokaci. Na biyu, umarnin ya fi sauƙin zartarwa a kan ma'aikaci mai albashi, domin ana iya cirewa daga tushe. Manomi ko ɗan ƙodago da kuɗinsa ba sa shigowa sai kaka, kuma yana can gona mai nisa, kafin sammaci ya same shi an ɗauki lokaci. Izinin cin bashi ma ba ya amfani sai an sami mai kanti ko ɗan'uwa da ya yarda ya bayar. Na uku shi ne faɗuwar darajar kuɗi. Dokar ta hana sauraren ƙarar neman ƙari kafin wata 6 sai da larura ta musamman, alhali a 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari.

A watan Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke sharaɗin da yake hana uwa tafiya da 'ya'yanta sai da izinin namiji, daga baya kuma ta kafa kwamitin sake fasalin dokar iyali, amma juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ya katse wannan tafiya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa jihar Gadarif, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da Sinja a tsakiyar 2024. Iyalai da yawa sun rabu, takardu sun salwanta, nauyin ciyar da mace da yaranta ya sake faɗawa kan dangi da maƙwabta.

7.0 Kammalawa

An ga yadda amsar tambayar wa zai ciyar, wa zai riƙe yaro, ta tashi daga zauren dattawa ta bi ta manshuran Alƙalin Alƙalai har ta shiga kundin 1991. Yawancin gyare-gyaren da kotun Hanafiyya ta yi cikin waɗannan shekaru komawa ce ga abin da yake rubuce a littattafan da Hausawa suka ɗauko daga gida. Ga ɗalibin harshe, kalmomin da kansu suna nuna wannan tarihi: yaji da biko da yaye na al'ada ne, nafaƙa da halana da idda na fiƙihu ne, manshuri da ma'azuni da ƙasima kuwa na hukumar Sudan ne. Matar da take jiran hukunci a Gadarif tana hulɗa da rukunan uku a lokaci guda, kuma abin da za ta samu ya danganta da wace ƙofa ta fara ƙwanƙwasawa, da kuma ranar da ta yi hakan.