Hanyar da Dusar Ƙanƙara ke Karɓe Wa Mutane Rabin Shekara

A ƙuryar arewa maso yammacin Amurka akwai jihar Washinton, wadda ba ita ce babban birnin ƙasar ba, ko da yake suna ɗaya suka ci. Tsaunukan Kaskad sun raba jihar gida biyu: yamma mai ruwan sama da dazuzzuka, gabas mai fari da gonakin 'ya'yan itace. Hanya mai lamba 20, wadda ta fi kowace hanyar jihar tsawo, kimanin kilomita 700, ita ce ta ratsa arewacin waɗannan tsaunuka.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna bin mashigan duwatsun domin fatauci. A shekarar 1814 wani ɗan kasuwar fatu mai suna Alexander Ross ya ƙetare su da ƙafa. Da aka gano zinariya a yankin, sai masu haƙo suka dami hukuma da kukan a yi musu hanya. A 1895 majalisar jihar ta ware kuɗi domin hanyar keken doki ta mashigin Kaskad. Ba a je ko'ina ba, ambaliyar 1897 ta share mafi yawan aikin. Daga nan maganar ta kwanta shekara da shekaru, sai dai madatsun ruwan da birnin Siyatil ya gina a kogin Skagit suka jawo hanya zuwa cikin dutsen daga yamma.

Sai a 1959 aka kama aikin gadan-gadan, ta wani mashigi daban, aka kuma buɗe hanyar ranar 2 ga Satumba, 1972, a zamanin Gwamna Dan Evans. Shekara 77 ke nan da ware kuɗin 1895.

To, amma buɗewar ba ta zama mallaka ba. A mashigin Washinton hanyar ta hau sama da mita 1,600, ta bi ta ƙarƙashin dutsen Liberty Bell, inda dusar ƙanƙara ke zaftarowa ta kwararo-kwararo ta binne kwalta. Don haka kowace shekara, wajen Nuwamba ko Disamba, akan rufe ƙofofin wani yanki mai kimanin kilomita 60, ba a sake buɗewa sai Afrilu ko Mayu. A ganina hukuma ta yi hikima da ba ta ja da dutse ba, domin ran direba da na ma'aikaci sun fi gaggawar tafiya daraja. Mutanen kwarin Methow kuwa su ke biyan farashin, don dole su yi dogon zagaye ta kudu kafin su isa yamma.

Hunturu ɗaya tak hanyar ta kwana a buɗe, wato na 1976 zuwa 1977, shekarar da fari ya hana dusar sauka. In bazara ta kusa, ma'aikata sukan faro sharar daga gabas da yamma da manyan injuna, su yi makonni suna haƙa har su haɗu a tsakiya.