Samari da shanun turka a Konni, Malbaza da Illela: daga turke zuwa filin baje koli

A gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Illela na jihar Tahoua, turka sa sana'a ce da aka gada. Ana sayen bijimi ramamme, a ɗaure shi a gida ƴan watanni, a ciyar da shi har ya yi nama, sannan a kai shi kasuwa. Sau da yawa kuɗin na uba ne, ko na uwa, ko na wani ɗan'uwa da ke cin rani a waje. Amma yankan ciyawa, ɗebo ruwa, share turke da jan igiya ranar kasuwa, duk aikin samari ne. Su ne kuma ke riƙe da dabbar idan aka kai ta baje kolin noma da kiwo ko gasar bisashe. Abin da alƙalan gasa ke gani a cikin minti kaɗan, aikin watanni ne da aka yi a bayan ɗaki.

Yankin da abin da ya mallaka

Abu biyu ne suka sa turka ta kafu a wannan yanki: abincin dabba da kasuwa. Ƙasar noma ce, ana samun karan gero da na dawa, harawar wake, kowa da dusa. Fadamar Maggia ta ratsa yankin, kuma madatsun ruwa na Mozague da Zongo su ne ke shayar da gandun noman rani na Konni, mai faɗin sama da hekta 2,000. Ragowar amfanin wannan gandu, da na lambunan Galmi da ke gundumar Malbaza, na taimaka wa masu kiwo a lokacin da daji ya bushe.

Ta fuskar kasuwa, Konni na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daf da iyakar Najeriya, kuma kasuwarta na ci ranar Laraba. Gidan Idder a ɓangaren Malbaza da Badagishiri a gundumar Illela na cikin sanannun kasuwannin bisashe na jihar. Sai a lura akwai Illela biyu. Ta Nijar tana arewa da Konni, cikin ƙasar Adar. Ta Najeriya kuwa tana jihar Sakkwato, tsallaken iyaka kaɗan daga Konni, kuma babbar kasuwarta ta dabbobi na ci ranar Lahadi. Shanu da yawa da aka turka a wannan gefe, can suke ƙarewa kafin a loda su zuwa kudancin Najeriya.

Ƙidayar noma da kiwo da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta nuna Nijar na da dabbobi sama da miliyan 31, shanu a cikinsu sun haura miliyan 7, kuma Tahoua na sahun gaba a jihohin kiwo.

Irin shanun da ake turkawa

Iri uku aka fi gani a turakun yankin. Na farko shi ne Azawak, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke arewacin jihar. Yawancinsa ja ne mai haske, ƙahonsa gajere, yana jure zafi, yana ba da nono, yana kuma saurin ɗaukar nama. Babban bijimin Azawak kan kai kilo 350 zuwa 500, kuma idan aka yanka, naman da ƙashi kan kai kusan rabin nauyinsa. Gwamnati na adana wannan iri a gandun Tukunus da ke gundumar Filinge, da na Ibecetan a jihar Tahoua.

Na biyu shi ne Gudali, wanda ake kira Bokolo ko Bokoloji. Fari ne ko mai ruwan toka, ƙahonsa ɗan guntu ƙwarai, fatar wuyansa na saukowa sosai. Asalinsa ƙasar Sakkwato, shi ya sa ya yawaita a bakin iyaka. Yana da sanyin hali, ga faɗin jiki, don haka masu turka ke son sa.

Na uku shi ne Bororo, jan sa mai dogayen ƙafafu da manyan ƙahoni. Dabbar tafiya ce da ta saba da daji da mai ita. Yana da kwarjini a fili, amma sabar masa da turke da igiya na buƙatar haƙuri.

Inda ake nuna shanu

Babban dandalin ƙasa shi ne baje kolin noma, ruwa, muhalli da kiwo da ake kira SAHEL-Niger, wanda aka fara a Yamai a 2014 tare da RECA, haɗakar majalisun manoma da makiyaya ta ƙasa. Kowace jiha na da reshen wannan majalisa, kuma ta hanyarsa da ta ma'aikatar kiwo ne masu kaya daga jihohi ke samun shiga. A can ana baje irin shuka, kayan da aka sarrafa da zaɓaɓɓun dabbobi, ana kuma ba da kyaututtuka.

Akwai kuma bukukuwan makiyaya. Bikin lasar gishiri na Ingal a jihar Agadas, wanda ake kira Cure Salée, ana yin sa a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, kuma gasar dabbobi na cikin abubuwan da ake yi. Kusa da gida akwai Hotungo na Bangi a gundumar Madawa, bikin Fulani na murnar dawowar garke daga mashekari, inda makiyayi ke nuna yadda ya kula da shanun da aka damƙa masa.

A Amurka, ƙungiyoyin matasa irin su 4-H da FFA, wadda aka kafa a 1928, sun mayar da wannan abu makaranta. Yaro na rainon maraƙi guda, yana rubuta abin da ya ci da nauyin da ya ƙara, ya kai shi gasar gundumarsu, daga nan a yi gwanjonsa. A Faransa, gasar noma ta ƙasa ta faro tun 1870, kuma yau ana yin ta a cikin babban baje kolin birnin Paris. A Nijar, gasa ta fi rataya ga irin dabba da ƙungiyoyin makiyaya, matashi kuma yana koyon sana'ar a gida, wajen uba ko maƙwabci. Babban abin da za a iya ɗauka daga tsarin na waje shi ne littafin lissafi.

Zaɓen sa

Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Mai turka na neman sa ramamme saboda yunwa, ba saboda ciwo ba. Ana duba tsawon jiki, faɗin ƙirji da na ƙugu, ƙafafu miƙaƙƙu, ido mai haske da hanci mai danshi. Wanda ke tari, ko gudawa, ko ɗingishi, ana barin sa komai arharsa.

Shekaru a haƙori ake gane su. Sa kan fitar da manyan haƙora biyu na farko yana da shekara 2 zuwa 2 da rabi, bakinsa kuma ya cika da manya takwas wajen shekara 5. Ƙaramin sa yana girma ne kafin ya yi kitse, don haka yana daɗewa a turke. Mai shekara 4 zuwa 5 ya gama gina ƙashi, abin da ya ci nama yake zama. Tsoho mai gugaggun haƙora kuwa ba ya iya cin kara yadda ya kamata.

Lokacin saye ma lissafi ne. Shanu na arha a ƙarshen rani, lokacin da makiyaya ke rage garke, amma a lokacin ne abincin dabba ya fi tsada. Shi ya sa mai dabara ke tara harawa da kara tun kaka, ya ɗora su kan rumfa ko ya zuba a rumbu.

Ciyarwa da lafiya

Gajeriyar turka kan ɗauki wata 3 zuwa 4, doguwar kuma wata 6 ko fiye. Ma'aunin da ma'aikatan kiwo ke amfani da shi shi ne busasshen abinci kilo 2 da rabi a rana ga kowane kilo 100 na nauyin dabba. Ke nan sa mai kilo 400 na bukatar kimanin kilo 10 kullum. Kara da busasshiyar ciyawa na cika ciki, amma nama daga harawa, kowa, dusa, ƴaƴan gawo da tunkuzar auduga yake fitowa. Ana haɗawa da kanwa ko gishirin lasa. Injin niƙa kara ya rage asara ƙwarai, domin sa na cinye niƙaƙƙen kara wanda da zai tattake. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta kuma fito da dunƙulen abincin dabba da ake haɗawa daga irin waɗannan kayan. A bazara babban sa na iya shan lita 40 na ruwa ko fiye a rana, kuma yana bukatar inuwa.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne gaggawa. Idan aka labta wa ramammen sa dusa ko hatsi tun ranar farko, cikinsa na iya kumbura, wani lokaci har ya mutu. Ana ƙarawa ne sannu a hankali cikin mako biyu. Leda ma makashiya ce, domin tana taruwa a tumbi, dabba ta yi ta ramewa tana ci.

Kafin a fara ciyarwa sosai, ana ba da maganin tsutsar ciki, a cire kaska, a yi rigakafi. Gwamnati na gudanar da rigakafin ciwon huhun shanu kyauta kowace shekara, kuma cibiyar LABOCEL da ke Yamai na sarrafa allurai a cikin gida. Maganin ƙiba da ake saya a bakin titi na iya kumbura dabba ta yi kamar ta ƙoshi, amma yana raunana ta, yana kuma saura a cikin naman da mutane za su ci. Allura da magani aikin likitan dabbobi ne ko ma'aikacin da ya horar.

Ranar nuni

Sa da bai saba da mutane ba, ba ya nunuwa. Makonni kafin ranar, matashi kan fita da shi da igiya safe da yamma, ya saba masa da tsayawa, da taɓawa, da ƙarar babur da taron jama'a. Ana wanke shi, a goge jikinsa, a gyara kofato idan ya yi tsawo.

Masu duba dabba, ko alƙalan gasa ne ko mahauta, kusan wuri ɗaya suke kallo: cikar cinya, faɗin gadon baya, rufuwar haƙarƙari, tsayuwar tozo da kitsen gindin wutsiya. A gasar iri ana ƙara duba ko launi, ƙaho da siffa sun dace da na Azawak, Gudali ko Bororo na asali. Inda babu sikeli, ana iya kimanta nauyi da igiyar awo. A auna kewayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba da mita, a ninka adadin da kansa sau uku, sannan a ninka da 80. Sa mai ƙirji mita 1.70 zai kama wajen kilo 390. Kimantawa ce kawai, amma matashin da ke yin ta duk mako biyu ya san ko abincin da yake saye yana biya, kuma ba ya shiga ciniki da dillali ido rufe.

Taron dabbobi daga wurare daban-daban hanya ce ta yaɗuwar cuta, musamman ciwon huhu da ciwon baki da kofato. Sa da ya dawo daga baje koli ba a sayar ba, ana ware shi daga sauran na tsawon mako biyu zuwa uku.

Riba da haɗari

Ribar turka ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin sayen sa, na abinci, na magani, na ruwa, na mota, harajin kasuwa da la'adar dillali. Taki ma riba ne, domin yana komawa gona ko lambun albasa. Kyautar gasa ba ta zuwa kullum, amma sunan da ake samu na jawo masu saye, musamman masu neman bijimin barbara.

Babban haɗarin yana bakin iyaka. Faɗuwar darajar naira a 2016, da kuma daga 2023, ta rage abin da ɗan kasuwar Najeriya ke iya biya da sefa. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A watan Mayun 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi waje gabanin Sallar Layya, domin farashi ya sauka a cikin gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tarar da wasu da sa a turke, yana cin abinci kullum, ba mai saye da daraja. Ga kuma satar shanu da ta addabi ƙauyukan iyaka.

Jihar Tahoua ta yi suna wajen tafiya cin rani zuwa Najeriya, Kodibuwa, Libiya da Aljeriya. Turka na cikin ƴan sana'o'in da saurayi zai iya yi da rani yana gida, kusa da iyayensa da gonarsa. Abin da ke tabbatar da shi a cikinta shi ne jarin sayen sa na farko, abincin da aka tara tun kaka, likitan dabbobi a kusa, da littafin da zai gaya masa gaskiyar abin da ya kashe kafin ya amsa tayin mai saye.