Wa ke ɗaukar nauyin .ng? Tarihin rajistar sunayen intanet ta Najeriya

Duk ɗan kasuwar da ya buɗe shafin intanet domin tallata atamfa a Kantin Kwari da ke Fagge, ko kayan lantarki a France Road da ke Sabon Gari, sai ya biya kuɗin suna kowace shekara. Kuɗin nan na rajista ne, wato kundin da ke riƙe da sunan shafinsa, da bayanin mai shi, da adireshin kwamfutocin da ke nuna inda shafin yake. Idan kundin ya tsaya, shafin ya ɓace wa masu saye ko da kayan suna nan jibge a shago.

An ba Najeriya alamar .ng a shekarar 1995. A lokacin ƙasar ba ta da kayan aikin da za su riƙe kundin, saboda haka aka ajiye shi a wata cibiyar bincike da ke Pisa a Italiya, yayin da Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ke kula da ɓangaren gudanarwa. Daga baya wani injiniya Ba'amurke, Randy Bush, ya karɓi aikin fasahar a matsayin taimako. Shekaru da dama ke nan wasu ke ɗauke wa Najeriya kuɗin wuta da na'urori da ma'aikata. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Takaddama ta ɓarke tsakanin masu ruwa da tsaki kan wanda ya cancanci riƙe kundin, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a 2004, aka miƙa amanar ga hukumar NITDA. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, wadda ba ta neman riba, kuma a 2009 aka damƙa mata ragamar .ng a hukumance.

Tun daga nan lissafin ya dawo gida. Rajista na buƙatar kwamfutocin da ke amsa tambayar duk mai neman shafi dare da rana, a wurare daban-daban domin kada matsalar wuri guda ta durƙusar da sauran. Tana buƙatar manhajar da dillalan suna ke shigar da rajista ta cikinta, da ajiyar kwafin bayanai, da tsaro daga masu kutse, da injiniyoyin da ke kwana a bakin aiki, da masu sasanta rikici kan mallakar suna. A Najeriya kuwa sai an ƙara janareta da man dizal.

Mafi yawan wannan kuɗin ba ya sauyawa da yawan sunaye. Kamar ofishin sarkin kasuwa ne: ko rumfuna ɗari ne ko dubu goma, dole a biya magatakarda da mai gadi. Mai ƙiyasta kuɗin gudanarwa kan tara waɗannan tsayayyun kuɗaɗe na shekara, ya raba su da adadin sunayen da ake sa ran za a sabunta. Jamus na da sunayen .de sama da miliyan 17, Afirka ta Kudu ta haura miliyan ɗaya a .za, yayin da .ng ta ɗan wuce dubu 200. Ƙarancin masu rajista na nufin kowane suna na ɗaukar kaso mai nauyi.

A nan ne zaɓin ɗan kasuwar Kano ke da tasiri. Kamfanin Verisign na Amurka, mai riƙe da .com, ya mai da farashin sari dala 10.26 a Satumbar 2024. Bayan sakin darajar naira a Yunin 2023, wanda ke sabunta .com ya ga kuɗinsa ya ninka a naira ba tare da an ƙara masa wata hidima ba. Sunan .ng kuwa da naira ake yanke farashinsa, ko da yake NiRA ita ma na sayen wasu kayan aiki da dala.

Kowane suna da aka yi wa rajista a .com.ng daga Fagge ko Sabon Gari na rage nauyin da ke kan sauran, kuma yana ba kundin abin da zai tsaya da ƙafarsa ba tare da komawa hannun masu taimako na ƙetare ba.